Yadda za ka motsa sikeli idan nauyinka ya tsaya cak alhali kana ƙirga kalori

Wata uku ko huɗu kana rubuta duk abin da ya shiga bakinka, nauyi yana sauka mako bayan mako, wando ya fara zamewa, har mutane sun fara tambaya ko lafiya. Sai wata safiya ka hau sikeli ka ga lambar jiya. Washegari ma ita ce. Mako ya zagayo tana nan daram, wata rana har da ƙarin rabin kilo, kamar da gayya.

Abin da yawancin mutane ke yi a wannan gaɓa shi ne su zabge abinci. Mai cin kalori 1,600 ya koma 1,100, ya ƙara gudu da asuba, ya yi kwana goma yana ganin jiri, daga nan ya afka wa duk abin da ya samu a gida, ya ce ai dama jikinsa ba ya jin magani. Rage abinci yana cikin matakan da ke tafe, amma shi ne na biyar. Akwai abubuwa huɗu da suka riga shi, kuma da yawan mutane tun a na biyu matsalarsu ke warwarewa.

Mataki na farko: tabbatar tsayawar ta gaske ce

Sikeli ba ya auna kitse. Duk abin da ya hau kansa yake aunawa: ƙashi, tsoka, jini, ruwa, da abincin jiya da bai fita ba tukuna. Fiye da rabin nauyin babban mutum ruwa ne, kuma wannan ruwan yana hawa yana sauka da kilo ɗaya zuwa biyu a tsakanin kwana da kwana. Shi kuwa kitsen da mai rage ƙiba ke zubarwa a rana, idan giɓinsa, wato ratar da ke tsakanin abin da jikinsa ke ƙonawa da abin da yake ci, kalori 500 ne, bai wuce giram 65 ba, domin kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700. Ka ga ke nan giram 65 ba shi da murya a gaban kilo biyu na ruwa.

Abubuwan da ke sa jiki ya riƙe ruwa sanannu ne. Gishiri yana gaba. Sai abinci mai sitaci: jiki yana ajiye shi a hanta da tsoka a matsayin gilaikojin, kusan giram 400 zuwa 500, kuma kowane giram yana jan ruwa kusan giram uku tare da shi. Wannan ne ya sa wanda ya yanke shinkafa da burodi ke ganin kilo biyu sun ɓace a makon farko, wanda ya dawo musu kuma ya ga sun dawo cikin kwana biyu, alhali kitsensa bai san an yi ba. Sabon motsa jiki mai tsanani, musamman ɗaga ƙarfe, yana sa tsoka ta kumbura ta riƙe ruwa na 'yan kwanaki ko makonni. Taurin bayan gida, rashin barci da doguwar tafiya a zaune duk suna ƙara nasu.

Mata kuwa naku ya fi haka. Kwanakin da ke gab da zuwan al'ada jiki yana tara ruwa, don haka ki daina gwada wannan makon da makon jiya. Ki gwada shi da irin wannan makon a watan da ya wuce.

Ga abin yi. Ka hau sikeli kowace safiya, bayan ka zaga, kafin ka ci ko ka sha, da tufafi iri ɗaya ko babu, kuma sikelin yana kan daɓe mai tauri a wuri guda (kan darduma ko kafet yana ƙarya). Ka rubuta lambar, kada ka yi mata fassara. Ranar bakwai ka tara su ka raba bakwai. Matsakaicin mako shi ne lambar da za ka yi hira da ita. Idan hawa sikeli kullum yana tayar maka da hankali, sau uku a mako ya isa, a ranaku tsayayyu.

Ka haɗa da tef ɗin awo irin na tela. Sau ɗaya a mako ka auna cikinka daidai saitin cibiya, bayan ka saki numfashi, ban da ƙanƙame ciki. Idan sikeli ya tsaya amma tef ya ragu da santimita ɗaya ko biyu, kitse yana tafiya, ruwa ne ko tsoka suka rufe gurbinsa. Ka ci gaba da abin da kake yi, ka rufe wannan rubutu.

Tsayawa ta gaske ita ce matsakaicin mako bai motsa ba har mako uku zuwa huɗu a jere, tef ma bai motsa ba. Kwana goma ba tsayawa ba ce. Sannan ka duba ko saurin ne kawai ya ragu: wanda ke sauke kilo ɗaya a mako da farko, yanzu yana sauke giram 300, yana kan hanya. Sauke rabin kashi ɗaya zuwa kashi ɗaya cikin 100 na nauyin jiki a mako shi ne ma'aunin da aka saba bi, kuma gwargwadon raguwar jiki, gwargwadon raguwar wannan adadin.

Mataki na biyu: binciki lissafinka kamar na wani ne

A nan mutane ke jin haushi, domin kowa ya yi imani yana ƙirga daidai. A 1992 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da aka yi a Amurka kan mutanen da suka rantse suna cin ƙasa da kalori 1,200 a rana amma ba sa ramewa. Aka auna abin da jikinsu ke ƙonawa, aka same shi daidai da na kowa mai irin girmansu. Da aka bi abin da suke ci, sai aka ga sun rage kashi 47 cikin 100 a lissafinsu, motsa jikin da suka ce suna yi kuma sun ƙara masa kashi 51. Ba maƙaryata ba ne. Ido ne ke yaudara, mantuwa kuma ta cike sauran. 

Ni ma na taɓa zama mako biyar a kan lamba ɗaya, ina zargin komai ban da hannuna. Ranar da na ɗora kwalbar mai a kan sikelin kicin kafin girki da bayan girki, na ga abin da nake rubutawa a matsayin cokali ɗaya ya kai cokali uku da ɗoriya. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne, kowane irin mai ne kuwa, har da zaitun da ake yabo. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci da na furotin (sinadarin gina jiki da ke cikin nama da kifi da ƙwai da wake) 4 kowanne. Wato kalori 250 zuwa 300 ke shiga tukunyata kullum ba tare da sun shiga littafi ba, rabin giɓin da nake taƙama da shi ke nan.

Saboda haka ka ware kwana goma sha huɗu. A cikinsu kada ka rage komai, kada ka ƙara komai. Aikinka kawai ka auna. Ka nemi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ka ajiye kofi da cokali da "ɗan kaɗan" a gefe.

Ka fara da abubuwan da ƙaraminsu ke da nauyin kalori: mai, man shanu, mayonis, man gyaɗa na shafawa, gyaɗa da sauran 'ya'yan itace masu mai, cuku, madarar gari, sukari. Giram 30 na gyaɗa, abin da bai cika tafin hannu ba, ya kai kalori 170. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗora kwalbar gaba ɗaya a sikeli, ka mayar da shi sifiri, ka ɗebi abin da za ka ɗeba, lambar da ta ragu ita ce abin da ka ci. Ganye da tumatir da kabeji kuwa ba sai ka wahalar da kanka ba, kuskuren giram 50 a cikinsu ba ya kai kalori 15.

Sai batun ɗanye da dafaffe, wanda ke kayar da mutane da yawa. Giram 100 na ɗanyar shinkafa kusan kalori 360 ne. Giram 100 na dafaffiya kusan 130, saboda ta sha ruwa. Idan ka auna ɗanya ka shigar da ita a manhajar ƙirga kalori ta waya a layin dafaffiya, ka ɓatar da kusan kashi biyu cikin uku. Taliya haka take. Nama kuma akasin haka: yana zubar da ruwa a wuta, don haka giram 100 na gasasshe ya fi giram 100 na ɗanye kalori. Ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Auna ɗanye ya fi tabbas.

Girkin gida na mutum da yawa yana buƙatar ɗan haƙuri sau ɗaya. Ka auna duk abin da ya shiga tukunya, ka tara kalorinsa, ka auna nauyin abincin bayan ya dahu, ka raba. Idan tukunya ta tashi kalori 3,000 kuma nauyinta giram 2,000, kowane giram kalori 1.5 ne, faranti mai giram 350 ya zama 525. Ka ajiye wannan lissafin, duk ranar da aka maimaita girkin sai ka ɗauko.

Manhajojin ƙirga kalori da yawa masu amfani da su ne ke shigar da bayanan abinci, kuma kuskure a cikinsu ba ya ƙirguwa. Ka rubuta sunan abinci ɗaya ka ga lambobi biyar daban-daban, hannu kuma ya fi son ya taɓa mafi ƙanƙanta. Ka gwada da rubutun jikin fakitin. Shi ma rubutun ka karanta shi da kyau: lambar ta giram 100 ce, ko ta kaso ɗaya ce alhali fakitin kaso uku ne? Kilojul aka rubuta ko kilokalori? Kilokalori ɗaya, wanda muke kira kalori, kilojul 4.2 ne. Kuma ko rubutun ba ya rasa tangarɗa, a Amurka doka ta yarda abin da ke cikin fakiti ya zarce abin da aka rubuta da kashi 20 cikin 100.

Abin sha yana shiga lissafi. Gwangwani ɗaya na lemon kwalba mai sukari kusan kalori 140 ne, ruwan 'ya'yan itace da aka matse ma bai yi nisa da haka ba, shayi mai madara da sukari sau uku a rana kuma abinci guda ne da ba a tauna ba. Sai ɗanɗanon miya a kan wuta, ragowar abincin yara da ake jin kunyar zubarwa, loma ɗaya daga farantin aboki, alewa biyu a ofis. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Dokar kwana goma sha huɗun nan ita ce a rubuta kafin a ci. Wanda ya bari sai dare zai tuna, ya riga ya manta da rabi.

Ƙarshen mako kuma shi ne babban rami. Ka ɗauka kana da giɓin 500 daga Litinin zuwa Juma'a, jimla 2,500. Asabar da Lahadi aka fita cin abinci a waje, aka yi baƙi, ba a rubuta komai ba, kowace rana ka zarce buƙatarka da 1,000, abin da faranti ɗaya na gidan abinci da kayan zaƙi da lemo ke iya yi cikin sauƙi. An cire 2,000, saura 500 a mako guda cur. Giram 65 ke nan na kitse, ladan kwana biyar na haƙuri. Jiki bai san ranar hutu ba, jimlar mako yake gani. Don haka lambar da za ka fitar a ƙarshen binciken ita ce matsakaicin duk kwanakin goma sha huɗu, har da munanan.

Sau da yawa, da zarar mutum ya fara aunawa haka, sikeli ya motsa tun kafin kwanakin su cika, domin hannu yana jin kunyar sikelin kicin.

Mataki na uku: daina cinye kalorin motsa jiki

Idan agogon hannunka mai auna motsa jiki ko injin gudu ya ce ka ƙona kalori 600, manhaja kuma ta ƙara maka 600 a kason abincin ranar, ka kashe wannan tsarin yau. A 2017 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai. A bugun zuciya yawancinsu sun yi daidai. A kalori kuwa wadda ta fi kowa ƙoƙari ta kauce da kashi 27 cikin 100, ta ƙarshe da kashi 93. Ban da haka, jiki yana rama wani ɓangare na abin da aka ƙona: wanda ya yi gudu da safe yakan wuni a kishingiɗe ba tare da ya lura ba. Ka sa wa kanka adadin abinci guda ɗaya wanda ya riga ya ƙunshi motsa jikinka na mako, ka bar agogo ya ƙirga taku.

Mataki na huɗu: sake lissafin abin da jikinka ke buƙata yanzu

Adadin da ka fara da shi na wani mutum ne da ya fi ka nauyi. Ƙaramin jiki ya fi ƙarancin ƙona kalori, a kwance ko a tafe. Lissafin da aka fi amfani da shi, na Mifflin da St Jeor wanda aka fitar a 1990, ga yadda yake: nauyi a kilo sau 10, a tara da tsawo a santimita sau 6.25, a cire shekaru sau 5. Namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Abin da ya fito shi ne abin da jiki ke ƙonawa a kwance. Sai a ninka shi da 1.2 ga mai zama wuni, 1.4 ga mai ɗan kai-komo, 1.55 ga mai motsa jiki sosai yawancin kwanaki. Kusan kowa yana ɗaga kansa mataki ɗaya a nan, ka zaɓi na ƙasa idan kana kokwanto.

Mu ɗauki mace mai shekara 35, tsawonta santimita 165, ta fara da kilo 90. A kwance tana ƙona kusan 1,595, idan aka ninka da 1.4 ya zama 2,230. Ta sa wa kanta 1,700, giɓin ya haura 500. Yanzu ta sauko kilo 80: a kwance 1,495, a wuni 2,090. Giɓi ya koma ƙasa da 400 ba tare da ta canza komai ba. Idan gajiya ta sa ta rage zirga-zirga har aka rasa wani 100, mai da ɗanɗane da ƙarshen mako kuma suka ƙara 300 da ba a rubuta ba, giɓi ya rufe ruf. Babu abin da ya lalace a jikinta. Ƙofar ce aka turo daga ɓangarori biyu.

Akwai kuma abin da masana ke kira sabawar jiki da ƙarancin abinci: bayan rama, jiki yana ƙona ƙasa da abin da lissafi ya ce, ko da an yi la'akari da sabon nauyin. Wannan gaskiya ne. Kevin Hall, wanda a lokacin yake Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka, da abokan aikinsa sun bi mutum 14 da suka yi wata gasar rage ƙiba ta talabijin, a 2016 suka ba da rahoto cewa bayan shekara shida jikinsu yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ake tsammani a rana. Amma waɗannan mutane ne da suka zubar da kilo hamsin da wani abu cikin 'yan watanni da azabar motsa jiki. Ga mai sauke kilo takwas ko goma a hankali, ragin ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Maganar da ake yawo da ita cewa idan ka ci kaɗan jiki zai "kulle" ya ƙi sakin kitse, har ma ya ƙara, ba ta da tushe. A gwajin yunwa na Jami'ar Minnesota da Ancel Keys ya jagoranta a 1944 zuwa 1945, an ba maza 36 kusan rabin abincin da suka saba har mako 24. Ƙonawar jikinsu ta ragu sosai, sanyi ya dame su, tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana, wasu ƙafafunsu suka kumbura da ruwa. Duk da haka sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Jiki yana ja da baya, amma ba ya ƙirƙiro kitse daga iska.

Wanda ya fi ƙarfi a faɗan nan shi ne yunwa. Wani bincike na 2016, da Hall a cikin marubutansa, ya ƙiyasta cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke yana ƙara masa sha'awar abinci da kusan kalori 100 a rana, alhali ragin ƙonawa bai wuce 20 zuwa 30 ba. Wanda ya sauke kilo goma, cikinsa yana roƙon ƙarin 1,000 kullum. Shi ya sa cokali ke girma a hannu ba tare da an sani ba, shi ya sa kuma mataki na biyu ya fi na huɗu tsawo.

In ka gama kwana goma sha huɗun nan da gaskiya, kana da abin da ya fi kowane lissafin littafi. Matsakaicin abin da ka ci 1,950 ne, nauyi bai motsa ba? To 1,950 shi ne adadin da ke riƙe ka a inda kake, bisa irin ƙirgarka, ko me manhaja ta ce. Daga wannan lambar za ka yi ragi.

Mataki na biyar: gyara abu ɗaya, ka jira

Yanzu ne ake taɓa abinci. Ka cire kalori 150 zuwa 250 daga lambar da ka samu, ba fiye ba a karon farko. Ka ciro su daga inda ciki ba zai yi kuka ba: cokali ɗaya na mai, lemo ɗaya, sukarin shayi, rubu'in shinkafar faranti a maye gurbinta da ganye. Nama da kifi da ƙwai da wake su ne na ƙarshen taɓawa.

Ko kuma ka bar abinci yadda yake ka ƙara tafiya. Ka duba matsakaicin takunka a waya na watan da ka fara da na wannan watan, akwai yiwuwar ya sauka ba ka sani ba. James Levine, lokacin da yake asibitin Mayo a Amurka, ya nuna cewa ƙananan motsin wuni, tsayuwa da tafiya da aikin gida da hawa bene, suna bambanta mutum da mutum da ɗaruruwan kalori, kuma su ne jiki ke fara tsukewa idan abinci ya ragu. Ƙarin taku 3,000 a rana, wato tafiyar kusan rabin awa, yana cin kalori wajen 100 ga mai kilo 80, kuma ba ya buɗe ciki kamar yadda gudu mai tsanani ke yi wa wasu. A ganina, ga wanda abincinsa ya riga ya yi ƙasa, wannan ya fi ragi.

Akwai iyaka. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce mace kada ta sauka ƙasa da 1,200, namiji 1,500, sai da kulawar likita. Idan lissafi ya kai ka bakin nan, ragi ya ƙare, sauran matakan za ka bi.

Bayan gyaran, mako biyu zuwa uku ba ka sake taɓa komai ba. Wanda ya rage abinci, ya ƙara gudu, ya yanke sitaci, ya sayi shayin rage tumbi duk a mako ɗaya, ko sikeli ya motsa bai san wanne ya yi aiki ba, ranar da ya gaji kuma duka zai watsar. Shi shayin ma, yawancinsa maganin sa gudawa ne ko fitsari, ruwa yake fitarwa.

Mataki na shida: rage wa yunwa ƙarfi

Furotin ya fi sauran ƙosarwa, yana kare tsoka lokacin rama, kuma jiki yana kashe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na kalorinsa wajen narkar da shi, alhali mai bai wuce kashi 3 ba. Ka nemi giram 1.2 zuwa 1.6 a rana ga kowane kilo na nauyinka, mai ƙiba sosai ya yi lissafi da nauyin da yake son kaiwa. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kusan 30, na dafaffen wake kusan 9. A raba shi a kowane cin abinci, musamman na safe, inda aka fi yin sakaci. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya ƙara.

Irin abincin ma yana da tasiri ko da lambar ɗaya ce. A wani gwaji na 2019 da aka kwantar da mutum 20 wata guda, an ba su abincin masana'anta da aka sarrafa sosai na mako biyu, da abincin da aka girka daga kayan asali na mako biyu, aka ce kowa ya ci son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun ci ƙarin kusan kalori 500 a rana. Kalori 300 na biskit loma shida ne, na dafaffen dankali da ganye da ƙwai kuwa faranti ne.

Ɗaga nauyi sau biyu a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga kowane babba, yana sa abin da kake zubarwa ya fi zama kitse. Ba sai da gidan motsa jiki ba, tsugunno da turin ƙasa da robar ja sun isa farawa. Ka sa ran sikeli zai yi gardama mako biyu na farko saboda ruwa.

Barci kuma ana raina shi. A Jami'ar Shikago an sa mutum goma a kan abinci iri ɗaya na rage ƙiba, wani zagaye ana ba su awa takwas da rabi a gado, wani zagaye awa biyar da rabi. Nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma a zagayen gajeren barci kitsen da ya tafi ya ragu da fiye da rabi, sauran daga tsoka da ruwa ya fito, yunwa kuma ta ƙaru. An buga wannan a 2010. A 2022, a jami'ar dai, aka taimaka wa masu gajeren barci suka ƙara awa ɗaya da 'yan mintuna, sai cinsu ya ragu da kusan kalori 270 a rana ba tare da an ce musu su rage ba. Idan awa biyar kake samu, ka fara da ajiye waya da wuri kafin ka taɓa farantinka.

Mataki na bakwai: hutu da gangan

Wanda ya yi wata huɗu ko biyar a giɓi, barci ya lalace, fushi ya yi kusa, sanyi yana damunsa, ba ya tunanin komai sai abinci, ragi ba zai yi masa amfani ba. Ya ɗaga abincinsa zuwa adadin da ke riƙe nauyi na mako ɗaya ko biyu, yana ci gaba da aunawa da rubutawa. Wani bincike a Ostireliya da aka buga a 2017 ya ga maza masu ƙiba da suka riƙa yin mako biyu a giɓi, mako biyu a hutu, sun fi waɗanda suka miƙe ba tsayawa sauke nauyi. Wasu binciken da suka biyo baya ba su ga irin wannan ratar ba, sai dai sun ga yunwa ta yi sauƙi. Don haka kada ka ɗauke shi maganin farfaɗo da jiki, hutun kai ne, kuma hakan ma ya isa dalili. Sikeli zai hau da kilo ɗaya ko fiye a kwanakin farko, gilaikojin ne da ruwansa. Hutun yana da lamba, yana da ranar ƙarewa, ka rubuta ta tun kafin ka fara.

Lokacin hutun ne ya dace ka tambayi kanka ko lambar da kake kora ta cancanci korar. Sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kaɗai yana gyara hawan jini da sukarin jini ga masu ƙiba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ba da ma'auni mai sauƙi: awon ciki ya kasance ƙasa da rabin tsawo. Mai santimita 170 da cikinsa ya sauko ƙasa da 85 yana iya tsayawa nan ya koyi riƙe abin da ya samu.

Mataki na takwas: lokacin zuwa asibiti

Idan ka yi mako shida zuwa takwas kana aunawa da sikelin kicin, ka yi ragi, matsakaicin mako da tef duk sun ƙi motsi, ka ga likita. Haka idan akwai gajiya marar dalili, jin sanyi, zubewar gashi, kumburin ƙafa ko fuska, ko rikicewar al'ada. Raunin ƙwayar tayirod da ke wuya ana gano shi da gwajin jini, ga mata kuma akwai matsalar ƙurajen ƙwan mahaifa da ke zuwa da rikicewar al'ada. Magunguna ma suna ƙara nauyi: insulin da wasu magungunan ciwon sukari, maganin kumburi firednisolon da danginsa, wasu magungunan damuwa da taɓin hankali da farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku ga wasu mata. Kada ka daina kowanne da kanka, sau da yawa akwai madadinsa. Mai shan maganin sukari kuwa ya sanar da likita kafin ya rage abinci, don kada sukarinsa ya faɗi.

Idan kuma ƙirgar ce ta zama ciwo, kana jin tsoron cin abin da ba ka auna ba, kana ramuwa da ƙin ci ko amai bayan ka ci da yawa, ko al'ada ta ɗauke, ka ajiye manhajar ka faɗa wa likita wannan ɗin kai tsaye. Mai ciki da mai shayarwa da wanda bai kai shekara 18 ba, wannan tsarin ba nasu ba ne tun farko.

Ranar zuwa, ka tafi da matsakaicin nauyinka na kowane mako, awon cikinka, rubutun abincin kwana goma sha huɗun nan yadda yake ba gyara, da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na ƙarin kuzari da ka saya da kanka.